Zuwa ga aminina, kan taswirorin ƙaurar tsuntsaye

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Mu ma nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Saƙonka ya iso, na kuma sha dariya da na kai inda ka ce labarin tsuntsun nan shaci-faɗi ne, wai babu mai ran da zai yi kwana 11 a sama bai sauka ba. Ban ga laifinka ba. To amma gani ya kori ji, bari in nuna maka inda za ka duba da kanka.

Tsuntsun na bakin ruwa ne, mai dogon baki, Turawa na ce masa godwit. A watan Oktoban 2022 wani ɗan wata biyar ya tashi daga Alaska, bai dire ko'ina ba sai tsibirin Tasmaniya na Ostireliya, tafiyar kilomita 13,560. An san haka ne domin masu bincike sun goya masa 'yar na'ura mai aiki da hasken rana, tana aika wa tauraron ɗan'adam inda yake. Kafin irinsu su tashi sukan ci su tara kitse har nauyinsu ya kusa ninkawa, wannan kitsen shi ne guzurin.

Irin waɗannan bayanai ake tarawa a Movebank, rumbun da cibiyar Max Planck ta Jamus ke kula da shi. Suna da manhajar waya mai suna Animal Tracker, da ita nake so ka fara. Ka nemi farar shamuwar Turai, ka latsa guda ɗaya, za ka ga zaren tafiyarta ya miƙe a kan taswira. In ka bi da yawa daga cikinsu, za ka lura da abin da ya fi burge ni: a hanyarsu ta zuwa Afirka, yawancinsu ba sa ratsa Bahar Rum ta tsakiya. Wasu su bi yamma su matse a mashigin Jibralta, wasu su bi gabas ta Bosforus a Turkiyya, su gangaro ta Sinai su kama kogin Nilu. Dalili kuwa, babban tsuntsu ne, kaɗa fiffike na cinye masa ƙarfi. Sai ya jira rana ta gasa ƙasa, iska mai ɗumi ta tashi, ya buɗe fukafukai ta ɗaga shi sama, sannan ya sulala zuwa inda wata iskar ke tashi. A kan teku irin wannan iska ba ta samuwa sosai, don haka yake neman inda ruwan ya fi ƙunci. Na daɗe da karanta wannan bayani, amma sai da na ga zaruruwan sun haɗu a wuri guda ya zauna mini. Za ka kuma ga wasu da suka daina wahalar ƙetarowa, sun tare a Sifen da Fotugal suna kiwo a juji duk tsawon hunturu. Kowa da dabararsa.

Ka san a da mutanen Turai ba su san inda tsuntsayensu ke shiga ba in sanyi ya zo? Har akwai malamansu da suka rubuta cewa tsattsewa na nutsewa cikin laka ta kwana har bazara. A 1822 aka harbo wata farar shamuwa kusa da garin Klütz a arewacin Jamus, da mashin mutanen tsakiyar Afirka soke a wuyanta. Har yau tana ajiye a jami'ar Rostock. A 1899 kuma wani malamin makaranta a Denmark, Hans Christian Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa. Sakamakon zobban da aka yi ta sawa sama da shekara 100, shi aka zuba a kundin taswirorin intanet mai suna Eurasian African Bird Migration Atlas da aka buɗe a 2022, mai ɗauke da nau'i 300.

Sai dai ga abin da ya sa na zauna na rubuto maka dogon bayani. Kafin ka gaskata kowane layi, ka tambayi kanka daga ina ya fito. Layin zobe wuri biyu kawai ya sani, inda aka sa zoben da inda aka tsince shi. Miƙaƙƙen layin da ke tsakani kwamfuta ce ta ja, tsuntsun bai bi nan ba. Ƙananan tsuntsaye kuma ba sa iya ɗaukar na'urar tauraron ɗan'adam, sai a ɗaura musu wata 'yar mitsitsiya da ke auna hasken rana kaɗai. Daga tsawon yini da lokacin da rana ta take ake lissafo inda suke, kuma sai an sake kama tsuntsun kafin a karanta. Lissafin kan kauce da kilomita ɗari ko fiye, sannan a Maris da Satumba, da dare da rana suka daidaita a duk duniya, ya rikice. Duk da haka da ita aka gano a 2010 cewa wani tsuntsun teku na Girinlan na cin kusan kilomita 70,000 a shekara, tsakanin ƙuryar arewa da ƙuryar kudu.

Taswirar eBird kuma wani abu ne daban. Jami'ar Cornell a Amurka ta fara shi a 2002, kuma mutane irina da irinka ne ke shigar da abin da suka gani. Ka zaɓi tsattsewa ka kunna taswirar mako-mako, za ka ga launi na malala daga kudu zuwa arewa ya sake komawa, kamar ruwa a cikin tire in ka karkata shi. Abin sha'awa ne ƙwarai. Amma ka lura, masu shigar da bayanai sun cunkushe ne a Amurka da Turai da Indiya. In ka ga wani yanki fayau, sau da yawa masu kallo ne babu, tsuntsayen suna nan. Abin da ke ba ni haushi ke nan game da tsuntsayen da ƙaurarsu ba ta fita daga Afirka. Baƙar shamuwa tana ƙyanƙyasa a yankin Sahel da damina, ta ƙetare zuwa gabashi da kudancin nahiyar in ruwa ya ɗauke, amma abin da aka tara a kanta bai kama ƙafar na 'yar'uwarta ta Turai ba.

Kada ka ɗauka kallo ne kawai amfanin abin. Tun 2011 ƙungiyar BTO mai nazarin tsuntsaye a Birtaniya ke bin tsuntsun kukku zuwa dazukan Kwango. Sai suka gano hanya biyu yake bi, ta Sifen ko ta Italiya, kuma masu bi ta Sifen sun fi mutuwa a hanya. Yankunan da tsuntsayensu suka fi bin wannan hanyar, nan ne yawansu ya fi raguwa. Da zobe kaɗai da wuya a gano haka. Akwai kuma BirdCast, mai amfani da radar ɗin hasashen yanayi wajen ƙiyasta tsuntsayen da ke wucewa da dare, har wasu birane kan rage fitilun dogayen gine-gine don kada su yi karo da gilashi. Amurka kaɗai yake nunawa, amma ka leƙa shi in ka samu sarari.

Shawarata, ka zaunar da babban yaronka, ku zaɓi tsuntsu ɗaya a Animal Tracker ku riƙa duba shi duk mako. Ka dai shirya masa amsa, domin wata rana ɗigon zai iya tsayawa cak, kuma ba lallai ka san ko na'urar ce ta lalace ko tsuntsun ne ya mutu ba. In kuka ji daɗin abin, ku buɗe asusu a eBird, kyauta ne, ku shigar da abin da kuke gani a inda kuke.

Ka rubuto mini wanda kuka zaɓa, ni ma in bi shi daga nan. Ka gaida mutan gida da kyau. Allah ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Amininka