A daina hana masu cutar MS gudu, a koya musu yadda za su ji da zafi

Assalamu alaikum Edita,

Dan Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan masu cutar jijiyoyin nan da likitoci ke kira MS (multiple sclerosis), musamman waɗanda suka saba gudu mai nisa kafin ta same su, domin da zarar mutum ya dawo daga gudu yana jan ƙafa ko ya ce ido na masa dishi-dishi sai 'yan uwa su ce shikenan daga yau ka bar gudun nan, wasu ma su fara zancen iska ko sammu.

Ita cutar, garkuwar jiki ce ke juyowa tana cinye rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, kamar dai wayar wuta da robarta ta saluɓe, saƙo na wucewa amma da ƙyar. Toh idan jiki ya ɗau zafi, ko da rabin digiri ne ya ƙaru, saƙon sai ya ƙara tafiyar hawainiya ko ya tsaya cak, nan ne zaka ga ƙafa ta mutu, gani ya dushe, ga wata irin kasala. Wani likitan ido Bajamushe, Wilhelm Uhthoff, shi ya bayyana haka tun 1890, kuma kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari na masu cutar suna fama da shi. A da har a ruwan zafi ake tsoma mutum don a gane ko yana da ita, kafin na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki ta zo.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne wannan ba sabuwar illa ba ce, jiki na hucewa abin yana lafawa, yawanci cikin mintuna ko 'yan awoyi. Kayla Montgomery 'yar jihar North Carolina a Amurka, tana sakandare aka gano tana da ita, in ta yi nisa da gudu sam ba ta jin ƙafafunta, kocinta ne ke tsayawa a layin ƙarshe ya tarbe ta kar ta faɗi a sa mata ƙanƙara, kuma a haka ta ci gasar jiharsu.

Dabarar ita ce a sanyaya jiki tun kafin a fita, bawai sai an galabaita ba. A tsoma ƙafafu a ruwan sanyi kamar minti 20 zuwa 30, ko a yi wanka da shi, a tafi da ruwa mai ƙanƙara ana kurɓa a hanya. Turawa na da riga ta musamman mai aljihunan ƙanƙara amma tsada gare ta, mu nan fiyo wata da ya daskare a naɗe a tsumma a ɗora a wuya ya wadatar, in an samu wuta kenan. Kaya farare marasa nauyi, a fita bayan asuba, kuma daga Maris zuwa Mayu da Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40 wallahi gara a rage nisa a bar dogon gudu sai hunturu. Mai niyyar gudun yada ƙanin wani na Legas shi ma ya sani can gumi ba ya bushewa saboda damshin iska, jiki ba ya saurin hucewa.

Akwai kuma matsalar fitsari, da yawansu na ƙin shan ruwa don kar ya matse su a hanya, wannan kuskure ne babba, sannan wasu magungunan riƙe fitsarin na rage gumi, ya kamata a tambayi likita.

Inda nake son a kula sosai, idan an huce amma alamar ta wuce awa 24 ba ta tafi ba, ko wata sabuwa ta ɓullo, ko akwai zazzaɓi, wannan ba na rana ba ne, a nemi likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Masu shirya gasa kuma dan Allah a ajiye ƙanƙara a wuraren ba da ruwa, a bar irin waɗannan su zo da mai tarbarsu a layin ƙarshe.

Na gode.

Mai karatunku daga Zariya