Gonar Baba da Sarkin Tonga

Okland, New Zealand, daren Lahadi

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya amarya? Na san za ka ce na yi ɓatan dabo. Kai ma ai sai da ta ɓaci ka neme ni, mun yi kunnen doki ke nan.

Saƙonka cewa Yaya Babba na neman mai sayen gonar Baba ya hana ni barci. Washegari maƙwabcin nan nawa ɗan Tonga, ƙasar tsibirai da ke tekun Pasifik, wanda na ce maka sai ya karkata yake shiga ƙofa, ya ga raina a ɓace. Da na faɗa masa dalili, ajiye cokali ya yi yana kallona kamar na ce Inna za mu kai kasuwa. Wai su a wajensu ko sarki bai isa ya sayar da fili ba, haya kawai ake bayarwa.

Ashe aikin mutum ɗaya ne, Taufa'ahau, wanda suke kira Tupou na Ɗaya. An haife shi wajen 1797, ya tashi ya tarar tsibiransu na ta yaƙin basasa. Da Ha'apai ya fara, ya haɗa da Vava'u, a 1845 ya hau babbar sarautar. Ya shiga Kirista a 1831, ya ɗauki sunan Joj, su kuma suka mai da shi Siaosi, kamar yadda muka yi wa Audu. A 1853 ya je Sidni ta Ostareliya, in ji maƙwabcina ya ga mabarata na kwana a waje, ya tambaya ko ba su da gonaki ne, aka ce ba su da ko taku ɗaya. Abin ya tsaya masa a rai. A 1862 ya raba talakawa da bautar hakimai, a 1875 ya kafa tsarin mulkin da ya haramta cinikin ƙasa. Doka ta ba duk namijin da ya kai shekara 16 haƙƙin gona eka takwas da kwata. Namiji fa na ce. Kada ka bari Anti ta ji wannan.

Ba waliyyi ba ne. Da ya kafa cocinsa a 1885, shi da firaministansa Bature, Shirley Baker, waɗanda suka ƙi bi sun sha duka, wasu har kora. Filin ma yanzu ba ya isa, shi ya sa suka cika Okland. Amma dubi Hawai, inda aka bar baƙi suna saye: a 1893 masu gonakin rake suka tuntsurar da sarauniya. A wannan shekarar ce Tupou ya rasu a kan gadonsa, kuma har gobe jininsa ke sarauta. Wai wanka ya shiga a teku yana da shekara casa'in da ɗoriya, mura ta kama shi. Kai kuwa alwalar asuba da hunturu sai an yi maka magiya.

Af, da gaske ne Dogo ya ƙara aure? Da wane kuɗin, bayan na babur ɗina?

Don Allah ka je wajen Kawu kafin Juma'a. Ka ce a ba da gonar haya ko jingina, kason Yaya ni zan riƙa turo masa kaɗan-kaɗan. Tsamiyar nan ta bakin rijiya Baba ne ya dasa ta ranar sunana.

Kuma kada ka sake ba kowa kilishi ya kawo mini, na wancan karon a filin jirgi aka ƙwace, ko ƙamshinsa ban ji ba.

A gaida Hajiya.

Naka,
Ɗan Gona