Sanarwa kan wakennan mai maganin tsutsa

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka. Tun shekaranjiya ake ta muhawara a grup ɗinnan kan wake SAMPEA 20-T shi ne nace bari in ɗan yi bayani kafin a fara sayen iri.

Masu bincike na cibiyar binciken aikin gona ta IAR Samaru, ABU Zariya, su suka fitar da shi, gwamnati ta amince da shi a 2019. An sa masa ƙwayar halitta daga wata bakteriya ta cikin ƙasa da ake kira Bt, idan tsutsar maruca ta ci furen ko kwanson sai ta mutu, kun dai san yadda take haƙa rami a kwanso ta bar kashinta a bakin ramin ka buɗe ka tarar ba komai. To maimakon feshi 6 zuwa 8 biyu sun wadatar.

Amma fa dan Allah kar wani yace ba feshi gaba ɗaya, ƙwarin dake tsotse kwanso ba ruwansu da Bt. Na rumbu ma haka, sai buhun PICS, mai leda a ciki da ke hana iska shiga.

Masu tambaya ko GMO ne, wato irin da aka sa wa ƙwayar halitta daga wata halitta daban, eh GMO ne, ba ɓoye-ɓoye, wanda hankalinsa bai kwanta ba ya shuka na gida abinsa ba faɗa. A wajen dillalan iri masu rajista ake saya banda na mudu a kasuwa.