Yayana ya kulle maganin Inna, wai na mayar da ita 'yar ƙwaya

Assalamu alaikum Hajiya, ya aiki, ya jama'a? Daga Garwa nake rubuto miki, raina a jagule. Yayana ya ɗauke kwalbar maganin mahaifiyarmu ya kulle a ɗakinsa.

Inna tana fama da sankarar mama, likita ya ce ta kai ƙashin baya. Tun muna Yaunde aka ɗora ta a kan mofin na ruwa, maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi, duk bayan awa 4. Da ko juyi ba ta iya yi a gado sai da ihu, amma da maganin nan har salla take yi a zaune. Ni ce mai tashi tsakar dare in ba ta, ni ce mai wanki. Shi sai dai ya leƙo bayan isha'i ya ce "ya jiki".

To cikinta ne ya ƙulle. Bayan gida ya ɗauke, ciki ya kumbura, abinci ma ta ƙi. Tun farko likitan ya ce mofin yana rage motsin hanji, jiri da tashin zuciya kan wuce, amma wannan ba ya wucewa sai ana haɗawa da maganin sassauta ciki kullum. Ya rubuta lactulose. Da ya ƙare na aika wa Yaya takardar, ya ce zai saya, yanzu wai ba a gaya masa ba. Na ba ta kunun tsamiya, gwanda, miyar kuka. Ruwa kuwa, duk zafin Garwan nan, sai da lallashi. Matar Yaya ta dafo ganyen filasko ta ɗura mata ba awo, Inna ta kwana cikinta na murɗawa, ba wanda ya ce mata kanzil.

A ganin Yaya mofin da tramol ɗin da samari ke sha a tasha duk ɗaya ne, unguwa za ta yi da mu. Tun jiya Inna take gumi, jikinta na rawa, ciwon ya dawo sabo. Ba za ta musa masa ba, tun rasuwar Baba shi ne mai gida.

Hajiya, tsayar da maganin nan kwatsam ba haɗari ba ne? Kuma cikin, mu jira ko mu koma asibiti? In na kai ƙararsa wajen Kawu za a ce na raina babba, ga mijina ya fara cewa in tattaro in koma ɗakina. Wa zan bar wa ita?

Ƙanwarki daga Garwa