Maganar sansanin sojan ƙetare ba yau aka fara ba

Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili. Tun da Nijar ta sallami sojojin Faransa a 2023 ta kuma bi da na Amurka a 2024, kullum a teburin mai shayinmu nan Bauchi Road musu ake, wai za su dawo Najeriya ne ko ba za su dawo ba, abin da ke ci min rai shi ne samarin nan ba wanda ya san an taɓa yin wannan rigimar a ƙasar nan tun muna jarirai a mulkin kai.

A taron tsarin mulki na Landan a 1958 Turawan Ingila suka kawo maganar yarjejeniyar tsaro, kuma manyan namu duk sun amince da daftarin, Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Zik da Awolowo. Bayan 1 ga Oktoba 1960 aka kai ta majalisa a Legas ta wuce, jiragen yaƙin Ingila za su iya ratsa samaniyarmu su sauka, su kuma su horar mana da soja. To fa sai Awolowo da ya koma jagoran adawa ya juya ya ce ai matsa musu aka yi, ɗaliban jami'ar Ibadan suka cika motoci har Legas suka yi zanga-zanga a majalisa a Nuwamba 1960, jaridu suka ɗauka ba dare ba rana, wallahi zuwa Janairu 1962 gwamnatin Ɓalewa da kanta ta soke abin. Gwamnati mai rinjaye fa, ba wanda ya tilasta mata da bindiga.

Ni abin da ya fi burge ni ma shi ne maganar Isra'ila. Sardauna shi ne shugaban jam'iyyar NPC, Ɓalewa mataimakinsa ne a jam'iyya, Sardauna ya fito fili ya ce Arewa ba ta son rancen Isra'ila ko kwabo, amma tsarin mulki ya ba tarayya harkar ƙasashen waje, don haka Isra'ila ta buɗe ofishin jakadanci a Legas, shi kuma Sardauna ya tsaya kan bakansa a iya yankinsa. Kowa ya san iyakar gonarsa. A Janairu 1961 kuma wannan Ɓalewan da ake ce wa mai sanyi ya kori jakadan Faransa saboda gwajin bam ɗin nukiliya a Sahara.

Yanzu majalisa na ta zaman gyaran tsarin mulki, roƙona ku ware shafi ɗaya duk mako ku riƙa kawo mana yadda aka yi waɗannan muhawarorin da Hausa, har da rahoton Willink na 1958 kan tsoron ƙananan ƙabilu, don mu a Filato wannan ya shafe mu kai tsaye.

Naku, mai karatu daga Unguwar Rogo, Jos.