Hasumiyar Barra da Hausawan da suka wuce ta gabanta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku kan tsoffin hasumiyoyin fitila na gaɓar tekun Burazil, masu nuna wa jiragen ruwa hanya da dare. Na ji daɗinsa, amma kun bar baya da ƙura a kan hasumiyar Barra ta birnin Salvador, a jihar Bahia.

Kun faɗi gaskiya cewa tana cikin mafi tsufa a nahiyar Amurka. An fara kunna fitilarta a 1698, bayan wani babban jirgin Fotugal ya tarwatse a kusa da wurin a 1668, kuma man ƙaton kifin nan wel ake zuba mata a lokacin. Ginin da ke tsaye yau, mai zanen fari da baƙi, tsayin mita 22, na 1839 ne. Kun kuma ambaci jama'ar da ke cika farfajiyarta da yamma don kallon faɗuwar rana.

To amma su wa wannan fitila ta haska wa hanya? A bakin mashigin tashar jiragen ruwan Salvador take, kuma ta gabanta jiragen bayi ke shigewa. Bayan yaƙe-yaƙen da suka ɓarke a ƙasar Hausa daga 1804, an kai Hausawa masu yawa Bahia a ɗaure, mutanen da wataƙila ba su taɓa ganin ruwan da ya fi gulbi ba. Wallahi idan na tuna haka sai jikina ya yi sanyi.

Kuma ba su miƙa wuya ba. A 1807 sun ƙulla shirin tawaye, har da niyyar ƙwace jirage su komo gida, aka tona asirinsu. A 1814 suka tayar da bore daga wuraren kamun kifi na Itapuã, kusa da Salvador, inda ita ma aka gina tata hasumiyar a 1873. A 1835, cikin azumi, bayi Musulmi, galibi Yarabawa tare da wasu Hausawa, suka fito titunan Salvador da layu da rubutun Larabci a jikinsu.

Don Allah ku sake ware wa Barra rabin sa'a, ku gayyato malamin tarihi, a ba da wannan labari da harshen mutanen da abin ya shafa.

Naku mai sauraro,
daga Zariya