Masu gudun fanfalaki sun ba ni mamaki

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ran Asabar ina zaune a shago nan Kawo, wani yaro ya kunna min bidiyon gudun fanfalaki na Legas a wayarsa, wallahi har shayina ya huce ban sani ba. Kilomita 42 da ɗoriya fa, kusan rabin hanyar Kaduna zuwa Zariya, mutum da ƙafarsa!

Abin da ya fi tsaya min a rai ba na gaba ba ne, wani ne can baya, ƙafa ta riƙe, yana ɗingishi, ya fizgi robar ruwa ya juye a ka, gumi ya jiƙa lambar ƙirjinsa sharkaf amma ya ƙi tsayawa. Ni kuwa in na hau bene hawa biyu sai haki kamar an biyo ni.

Kelvin Kiptum ɗan Kenya a 2023 ya gama irin wannan gudun a awa 2 da daƙiƙa 35 a Chicago. Abebe Bikila na Habasha ma ba takalmi ya ci na gasar Olympics a birnin Rum a 1960.

Don Allah hukumomin wasanni su riƙa shirya mana irinsa a Kaduna kowace shekara, yaranmu da ke motsa jiki a Murtala Square da asuba suna da ƙafa, mai horarwa kawai suka rasa.

Naku,
Wani mai karatu daga Kawo, Kaduna